Ma'anar "Zuciya" a Littafi Mai Tsarki

Wanda ya duba Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 zai tarar da kalmar "zuciya" a wurare masu yawa. Galibi tana tsaye ne a madadin *leb* ta Ibrananci, ko *kardiya* ta Helenanci. A wurin Ibraniyawa, *leb* ita ce mazaunin tunani da niyya da yanke shawara. Shi ya sa da Sulemanu ya nemi hikimar yi wa jama'a shari'a, zuciya mai sauraro ya roƙa. Taurin zuciyar Fir'auna kuwa ƙin biyayya ne da gangan. Tausayi sukan danganta shi da hanji da mahaifa, kusan yadda Bahaushe ya ajiye murna da ɓacin rai a ciki, fari ko baƙi.

Wahalar mai fassara ita ce, in Bahaushe ya ce wane ya yi zuciya, fushi yake nufi. A ganina wajibi ne malamin kwaleji ya nuna wa ɗalibansa bambancin nan, gama a koyarwar Kirista sabuwar zuciya sabuwar niyya ce, watau mutum ya sake abin da yake zaɓa, ko ya zub da hawaye ko bai zubar ba.