Gwajin DNA: Yadda Ake Kamo Ƙwayar Cuta a Abinci da Ruwan Kwata

A shekarar 2017 asibitocin Afirka ta Kudu suka fara ganin jarirai da masu juna biyu da tsofaffi suna kwantawa da wata cuta da ƙwayar Listeria ke haddasawa. Kowa ya san ta baki take shiga, amma a cikin wane abinci? Sai da aka shafe watanni kafin ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya fito ranar 4 ga Maris, 2018, ya bayyana tushen: wani sarrafaffen nama mai araha da ake yi a wata masana'anta a birnin Polokwane. Sama da mutum 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu.

Abin da ya raba gardama shi ne DNA. Masana sun karanta tsarin halittar ƙwayar da ke jikin marasa lafiya, suka gwada shi da na wadda aka lakato a masana'antar, sai ga su iri ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600 kowace shekara, yana kashe 420,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan a Afirka suke.

A tsohuwar hanyar gano ƙwaya a abinci, sai an ɗebi samfurin nama ko madara, an zuba a faranti na musamman, an jira ƙwayar ta hayayyafa har ido ya gan ta. Tabbatar da ƙwayar Salmonella ta haka kan ci kwana huɗu zuwa mako guda. Kafin sakamako ya fito, an sayar da kayan, an cinye.

Sabuwar hanya ba ta jiran ƙwaya ta girma. Kowace irin bakteriya tana da wani yanki na DNA da ita kaɗai ke da shi, kamar zanen yatsa. Fasahar PCR, wadda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, tana neman wannan yanki, ta riƙa ninka shi ta hanyar ɗumama samfurin da sanyaya shi. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Bayan zagaye 30 an kai kusan biliyan guda, adadin da na'ura ke iya gani. Sa'o'i kaɗan aikin ke ɗauka. Wanda aka taɓa yi wa gwajin korona ko na tarin fuka da na'urar GeneXpert ya riga ya amfana da ita.

A 2000 masana a Japan suka fito da wata dabara mai suna LAMP, wadda ba ta buƙatar hawa da saukar zafi. A ajiye samfurin a zafin digiri 60 zuwa 65, cikin ƙasa da awa guda ruwan kwalbar zai sauya launi idan ƙwayar tana ciki. Wannan ta fi dacewa da wuraren da lantarki ke wuya.

Ruwan kwata kuwa yana ɗauke da labarin unguwa baki ɗaya. Mai taifot yana fitar da ƙwayar a bayan gida, ko ya je asibiti ko bai je ba, wani ma bai san yana ɗauke da ita ba. A Blantyre ta Malawi da Vellore ta Indiya, masu bincike na rataya ƙyallen bandeji a magudana na kwana biyu ko uku, su ciro, su nemi DNA ɗin ƙwayar taifot a jikinsa. Da haka ake gane unguwar da ta fi buƙatar riga-kafi da gyaran ruwan sha.

Fasahar tana da nata gazawar. Tana iya kama DNA ɗin ƙwayar da ta riga ta mutu, a zargi abincin da wuta ta tsarkake. Maiƙo da dattin kwata kan hana gwajin tafiya daidai. Idan ƙwayoyin ba su da yawa, dole a rena samfurin na kwana guda tukuna. Sinadaran gwajin kuma daga ƙasashen waje ake sayo su, da tsada.

Duk da haka, ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 2011 ma'aikatan lafiya ke ɗibar ruwan magudanun Kano don neman ƙwayar shan-inna, daga baya aka faɗaɗa zuwa Sakkwato da wasu jihohi. A Kanon ne kuma ake ban-ruwan latas da kabeji da ruwan kogin Jakara, ganyayen da ake cin su ɗanye. Masu ɗibar samfurin suna nan, sun san magudanun. Ya rage ga hukumomin lafiya su ware kuɗin da za a riƙa neman taifot da kwalara da Salmonella a cikin wannan ruwan da ake ɗiba.