Taron fasaha da sanin mutane: abin da alƙaluma ke faɗa wa matasan Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tarukan fasahar zamani sun yawaita a Najeriya. Hukumar NITDA tana shirya taron Digital Nigeria a Abuja, ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da ke da alaƙa da Google suna yin DevFest a birane da dama har da Kaduna da Kano, kuma a watan Satumba na 2025 aka yi GITEX Nigeria karon farko a Abuja da Legas. Matashin da ke zaune a Paki, ko Tashar Yari, ko Hunkuyi yana ganin hotunan a wayarsa, yana tambayar kansa ko zuwa irin wannan taro ya kai a kashe masa kuɗin mota. Alƙaluma biyar da ke tafe suna ba da amsa: zuwan yana da riba, amma ribar tana cikin mutanen da za a sani da zumuncin da za a riƙe bayan an watse.

Kusan dubu 480: mutanen da ake magana a kai

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Ikara tana da mutum kusan dubu 194, Maƙarfi kusan dubu 146, Kudan kuwa kusan dubu 139. In aka haɗa, an doshi dubu 480, a jihar da aka ƙidaya mutum miliyan 6.1. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, jariran da aka lissafa a shekarar kuwa yanzu samari ne da 'yan mata masu riƙe da waya. Jama'a ce mai yawa, mai sana'a a hannu: raken Maƙarfi da ake lodi zuwa jihohi, tumatirin Ikara da har aka kafa masa masana'anta, da inabin Kudan da ya fara suna a ƙasa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, a maƙwabta. Duk da haka, da wuya ka ji an ambaci garuruwan nan a jerin wuraren da za a yi taron fasaha.

Kashi 88 cikin 100: inda kamfanonin suka taru

A 2022 kafar Disrupt Africa ta bibiyi sababbin kamfanonin fasaha 481 a Najeriya, ta tarar 425 daga ciki suna Legas. Kashi 88 cikin 100 ke nan. Abin da ya rage wa sauran jihohi 35 da Abuja gaba ɗaya 56 ne kawai. Masu zuba jari suna bin kamfanoni, masu shirya taro suna bin masu zuba jari, shi ya sa manyan tarukan ke komawa wuri guda.

Nisan yana da farashi. Daga Kaduna zuwa Legas ya haura kilomita 700. Abuja ta fi kusa, domin layin dogo daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, wanda aka buɗe a 2016, kilomita 186 ne, amma sai ɗan Ikara ya fara kai kansa Zariya, ya ƙara kusan kilomita 80 zuwa Kaduna, kafin ya ga jirgin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa naira dubu 70 ne tun 2024. Tafiya da kwana da abinci na taron kwana uku suna iya cinye albashin wata, ko da ƙofar shiga kyauta ce. Saboda haka hankali shi ne a fara da na kusa. Cibiyar CoLab tana Kaduna tun 2016, kuma shirin Click-On Kaduna, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya koya wa matasan jihar neman aiki ta intanet. Wanda ya saba da tarukan Zariya da Kaduna da Kano, in ya je Abuja ba zai tsaya a bakin ƙofa yana rarraba ido ba.

Kashi 70 da aka yi niyya, kashi 44 da aka samu

Wani zai ce ai a bi taron ta waya. Tsarin faɗaɗa intanet mai sauri na ƙasa, wanda aka ƙaddamar a 2020 lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, ya sa burin kaiwa kashi 70 cikin 100 na jama'a kafin ƙarshen 2025. A ƙarshen 2024, alƙaluman hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, sun nuna kusan kashi 44. Wannan adadi yana bukatar a karanta shi da lura, domin layukan waya ake ƙirgawa a raba da yawan jama'a. Mai layi biyu sau biyu ake lissafa shi. Kuma matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, inda birane ke ɗaga shi sama, ƙauyuka na ƙasa da shi.

Sai ga tsada. A watan Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi a ninka. Saƙon tes da ake turawa a naira 4 ya koma naira 6, data ma ta bi sahu. Kallon jawabi kai tsaye na awa biyu yana shan data sosai, kuma duk wanda ya taɓa hawa tudu ko ya fita bayan gari yana ɗaga waya don neman sabis ya san yadda hoto ke tsayawa daidai lokacin da mai jawabi ya zo kan magana. Gwamnatin tarayya ta ce za ta shimfiɗa ƙarin kilomita dubu 90 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya shafi mutanen yankin nan shi ne ko za ta ratsa ta Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi, kuma wannan tambaya ce da ya kamata wakilansu a majalisa su sha jin ta.

Miliyan 20: ribar sanin shanu

Wannan shi ne adadi mafi muhimmanci. A 1973 masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya kawo hujjar cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta bakin wanda suka yi sanin shanu, ba ta bakin amininsa ba. Dalilin a fili yake: abin da amininka ya sani, kai ma galibi ka sani, domin majalisarku ɗaya. Wanda kuka haɗu sau ɗaya ko biyu shi ke zaune a wata majalisar, yana jin abin da ba ya iso kunnenka.

A 2022 mujallar Science ta wallafa binciken da ya gwada wannan magana a dandalin LinkedIn, kan mutum sama da miliyan 20 cikin shekara biyar, inda aka ƙulla sababbin alaƙoƙi kusan biliyan 2, aka samu sababbin ayyuka kusan dubu 600. Sakamakon ya nuna alaƙa matsakaiciya ce ta fi kawo aiki, wato wadda ba ta kai aminci ba, ba ta kuma zama ta baƙo tsantsa ba. Ya kuma nuna wannan ya fi ƙarfi a sana'o'in da suka dogara da kwamfuta, a sauran sana'o'i kuwa alaƙa ta kusa ta fi tasiri. Dillalin rake a kasuwar Maƙarfi da amanar shekaru yake ciniki. Ƙaninsa mai koyon rubuta manhaja yana bukatar sanin mutanen da ba su taɓa taka Maƙarfi ba.

A nan ne amfanin taro yake. Jawaban za a same su a YouTube daga baya. Abin da ba a samu a can shi ne rabin awar hutun shan shayi, lokacin da mutane ke tsaye da kofi a hannu, kowa da katin suna rataye a wuya. Akwai mai bin manya yana neman hoto, ya karɓi lambar mutum goma, a saka shi a zauren WhatsApp da zai yi tsit bayan mako biyu. Akwai kuma wanda zai gaisa, ya ce shi daga Kudan yake, manoman inabi a garinsu suna neman hanyar samun masu saye kai tsaye, ga abin da ya fara haɗawa a wayarsa. Na biyun ake tunawa. In ya koma gida ya aika saƙon godiya, bayan wata guda ya sake aikawa da abin da ya ƙara, to ya mai da baƙo ya zama irin alaƙar da binciken ya ce tana kawo aiki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, wayar kuwa tana riƙe ta ne bayan ƙafa ta kai.

Miliyan 3: rabon da za a nema

A ƙarshen 2023 ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a fannonin fasaha. Rukunin farko mutum dubu 30 ne, na biyu dubu 270, wato su biyun a haɗe kashi 10 cikin 100 na burin. Da za a raba miliyan ukun daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi 774, kowace za ta samu kusan mutum 3,900, Ikara da Maƙarfi da Kudan su tashi da sama da 11,600. Lissafi ne kawai, ba rabon da aka yi ba, amma ma'auni ne mai kyau. Gurbi yana zuwa ne ga wanda ya ji labari a kan lokaci, kuma labarin yana yawo ne a tsakanin waɗanda suka san juna.

Saboda haka aikin gida biyu ne. Matasa su yi karo-karo su tura mutum biyu ko uku kowane taro, da mace a cikinsu, da sharaɗin in sun dawo su tara sauran su ba da bayani, su raba lambobin da suka samo. Shugabannin ƙananan hukumomin uku da ƙungiyoyin ci gaban gari kuma su ba da ɗakin taro da janareta, a gayyato malamai daga Zariya da masu cibiyoyi daga Kaduna ko sau ɗaya a shekara, a kuma kai baƙin gonakin rake da inabi su ga matsalolin da ke jiran mafita. Bayan wata shida sai a ƙirga: mutum nawa ne har yanzu ke magana da wanda suka sani a taron, nawa ne suka samu horo ko aiki ko mai saye ta dalilinsa. Waɗannan ne alƙaluman da yankin ya kamata ya fara tarawa da kansa.