Alli a Hannun Ɗan Koyo

Akwai lokacin da makarantun firamare da ƙananan sakandare na garuruwanmu kan cika da baƙin fuska. Samari ne da 'yanmata, kaya sun sha guga, kowa rungume da sabon littafi mai kauri, ga nannaɗaɗɗen kwali a hammata. Yara kan gane su tun daga bakin ƙofa, kuma kafin a watse daga asambili labari ya zaga: 'yan TP sun zo. Ɗaliban kwalejin ilimi ke nan da aka turo koyon aikin koyarwa, yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban aji ba sai ranar.

Ni ma na yi wannan tsayuwar. Aji huɗu aka ba ni, darasin lissafi, kan rabi da kwata. Na kwana ina rubuta shirin darasi yadda aka koya mana: manufa, abin da yara suka riga suka sani, gabatarwa, mataki na ɗaya zuwa na huɗu, auna fahimta, aikin gida. Darasin minti 35 ne, na gama shi cikin minti goma da 'yan kai. Na juyo na ce, "Kun gane?" Ajin ya amsa da murya ɗaya, "E, Malam!" Sai na rasa abin yi da sauran lokacin, na tsaya ina kaɗe alli daga hannun riga.

Malamin ajin, wani dattijo mai furfura, yana zaune a baya bai ce uffan ba. Da aka fita tara ya kira ni gindin darbejiya. "Ɗana," ya ce, "da wa kake magana ɗazu, da allo ko da yara? Ƙeyarka kawai suka gani." Na ce, "Baba Malam, ai sun ce sun gane." Ya yi dariya har da tafa hannu. Da aka dawo aji ya rubuta 1/2 da 1/4 a allo, ya tambayi wanne ya fi girma. Kusan kowa ya ce na biyun, tunda huɗu ta fi biyu. Ya aiki yaro ya samo karan dawa, ya karya shi biyu, ya sake karya ɗaya ɓarin biyu, ya ɗaga duka. Sannan ya tambayi wata yarinya mai tallan gyaɗa: rabin kwano da rabin rabinsa, wanne ya fi kuɗi? Ko numfashi ba ta ja ba ta amsa. Yaran sun san abin tun daga kasuwa, ni ne ban san hanyar da zan bi in iske shi a kansu ba.

Tun ranar nake ɗaukar koyarwa a matsayin sana'ar hannu, irin ɗinki ko ƙira, wadda ake ɗauka a gefen wanda ya iya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya gardi kan shekara yana biya wa ƙolawa karatu yana duba musu rubutun allo, alaramma na zaune yana ji, in ya karkace a gyara masa nan take.

Boko ma da haka ta fara a Arewa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai aka kafa ta, kuma daga cikinta Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Balewa ya koyar a Midil ta Bauchi. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi, daga baya ya koma kwalejin horar da malamai ta Maru. Shehu Shagari ma da alli ya fara. Zamanin da "malamin makaranta" suna ne da ake gyara zama in an ambata ke nan. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka kwararo fiye da malaman da ke ƙasa, aka shiga horar da mutane a gurguje, a shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Sannu a hankali aka jingine takardar Giredi Tu, NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar da ake nema ga malami. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta zo a 1989, hukumar yi wa malamai rajista kuma a 1993. Tsofaffin 'yan Giredi Tu har gobe cewa suke su aka koya wa riƙon aji, na bayansu takarda aka ba su. Akwai son kai a maganar, amma ba duka ba ce ƙarya.

Kafin a tura ɗalibi makaranta, kwaleji kan sa shi ƙaramar koyarwa: ya tsaya 'yan mintuna gaban abokan karatunsa ya gwada dabara guda, a yi masa gyara, ya sake. A Jami'ar Istanfod ta Amurka aka ƙirƙiro tsarin a 1963, kuma yana da amfani wajen kashe rawar murya. Sai dai abokan karatu ba yara ba ne. Ba mai kuka a cikinsu don an ƙwace masa fensir, ba wanda ya zo bai karya kumallo ba, ba kuma wadda ta goyo ƙaninta zuwa aji.

Shi ya sa nake gaya wa ƙannena masu shirin fita cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je makarantar tun kafin a buɗe maka rajista, ka gaida hedimasta, ka roƙi malamin ajin ya bar ka ka zauna a baya kwana biyu ko uku. Ka ga inda aka tsaya a manhaja, ka ga waɗanda ke zaune a ƙasa da waɗanda ba sa hango allo. Ka kwafi sunayen yara ka haddace, don "kai mai jar hula" ba ta tsayar da surutu kamar "Sani, me ka ce?" Ka nemi allo ka koyi rubutu a tsaye, layi ya miƙe, jikinka a karkace yadda ido ɗaya na kan aji. Kayan koyarwa kuwa, tunda daga aljihunka za su fito, murafan kwalba da tsakuwa da kwalin sabulu sun fi zanen da ka biya mai zane ya yi maka, wanda yara za su kalla su ce ya yi kyau, shi ke nan.

Sai batun harshe, wanda littafin kwaleji ke wucewa da sauri. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida ko na unguwarsu, Turanci ya biyo baya. A aikace littafin Turanci ne, yaron Hausa yake ji, sabon malami kuma na tsoron kada a ce bai iya Turanci ba. Sai ya yi ta faɗi ana maimaitawa, aji na amsa amo kamar 'yan amshi. Wanda ya ƙware ba ya jin kunyar fassarawa, kuma ya daina tambayar "kun gane?" Yakan ɗauko yaro guda daga layin baya ya ce zo ka yi mana a allo.

Abin da ya fi ɓata wannan horo, a ganina, biyu ne, kuma a haɗe suke. Na farko malamin aji da ke ɗaukar zuwan 'yan TP a matsayin hutu: ya miƙa rajista da dasta, ya kama hanyar gona ko shago, ba a sake ganinsa sai ƙarshen zango. Ba tela da zai bar wa yaron da ya zo jiya keke da shaddar mutane ya tafi yawo, amma ana barin ɗan koyo da yara saba'in. Na biyu ranar zuwan mai dubawa daga kwaleji. Da an ji ƙishin-ƙishin yana tafe, sai a share aji, a liƙa kwalaye, a maimaita darasin da aka yi jiya, har a shirya waɗanda za su ɗaga hannu. Shi kuma yana da makarantu da yawa a gabansa, ya zauna minti ashirin, ya duba littafin shiri, ya ba da maki, ya tashi. An ci jarrabawa, aiki kuwa yana nan inda yake. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji a 2017, ta ce fiye da 21,000 cikin kimanin 33,000 sun kasa kai makin da ta gindaya, an yi ta jayayya da ƙungiyar malamai kan yadda aka yi gwajin. Ni tambayar da ta tsaya mini ita ce nawa ne a cikinsu suka taɓa samun wanda ya zauna a bayan ajinsu ya gyara musu.

Bulala ma nan take shigowa. Sabon malamin da aji ya gagara yakan ruga gare ta, ko ya sa monita rubuta sunayen masu surutu. Baba Malam yana da dorina a kan tebur, ban taɓa ganin ya ɗaga ta ba. In hayaniya ta tashi sai ya yi shiru ya sauke murya, ya taka a hankali ya tsaya kusa da inda take fitowa. Ya kuma ce mini yaron da hannunsa ke kan aiki bakinsa ba ya samun sarari.

Ranar da zan bar makarantar ya karɓi littafin shirina ya yi ta buɗawa. Shafukan farko tsaf suke, ba ko gogewa. Na ƙarshe kuwa duk sun cika da jan biro da ƙananan rubutu a gefe: wannan misalin bai shiga ba, a sake da kwano, su wane ba su iya karanta tambayar ba. Ya nuna waɗannan da yatsa ya ce in ajiye su, na farkon in ba mai ƙosai.