Amsoshin Takardunku: Yaya Ake Zana Taswirar Duniya?

A wannan mako takardu biyu muka haɗa, domin amsarsu hanya ɗaya ta bi. Ta farko daga wani manomi ce a ƙasar Funtuwa. Ya ce ma'aikatan safiyo sun zo gefen gonarsa da wata na'ura mai ƙafa uku, suka kafa 'yan turakun siminti, bayan kwana biyu sai ga takarda da zanen wurin. Yana tambaya, yaya mutumin da bai ja igiya ba zai san girman gona? Ta biyun kuwa wani ɗan kasuwa ne daga Maraɗi. Ya ce ya duba taswirar duniya a littafin ɗansa, ya ga wani tsibiri can ƙuryar arewa wai shi Girinlan, ya kusa kai Afirka girma. Shin gaskiya ne?

To, taswira dai ita ce zanen ƙasa kamar yadda shaho yake hangenta daga sama, amma an ƙanƙanta ta har ta shiga takarda. Wannan ƙanƙantawa ba da ka ake yin ta ba, da ma'auni ake yi. Idan ka ga an rubuta 1:50,000 a gindin taswira, ma'anarsa santimita ɗaya a takarda daidai take da santimita dubu hamsin a ƙasa, watau rabin kilomita. Ka ga ke nan in ƙauyenku da kasuwa sun yi tazarar santimita 12 a kan takardar, kilomita 6 ne a miƙe. A miƙe fa na ce, ban da kwane-kwanen hanya da zagayen rafi.

Yanzu ga amsarka malam manomi. Sirrin aikin safiyo yana cikin alwatika, wadda kowane maɗinkin riga ya san siffarta, mai kusurwa uku. A ce kana bakin kogi, ga wata kuka a tsallake, kana son sanin nisanta ba tare da ka shiga ruwa ba. Sai ka kafa turke, ka auna taki ɗari a bakin gaɓa, ka kafa wani. Ka tsaya a turken farko ka saiti kukar, ka lura da yadda ganinka ya karkata daga layin turakun. Ka koma na biyu ka yi haka nan. Sa'an nan ka zana layin takin nan ɗari a takarda da ƙaramin ma'auni, ka fitar da layukan saitin biyu daga bakinsa da irin karkatar da ka gani. Inda suka haɗu, nan kukar take. Ka auna a takarda, ka san nisanta. Na'urar nan mai ƙafa uku babban aikinta ke nan, auna kusurwa, kuma ta zamanin nan har nisa take aunawa da wani haske da take harbawa ya dawo mata.

Da alwatika ɗaya ta samu, sai a ɗora wata a gefenta, daga wannan dutse zuwa wancan tsauni, har a rufe ƙasa ɗungum. Haka Turawan Ingila suka auna Indiya. Sun fara a 1802, aikin ya ci kusan shekara saba'in. A cikinsa ne aka lissafa tsawon dutsen Ebares daga nesa, aka bayyana a 1856 cewa ƙafa 29,002 ne, watau mita 8,840, alhali babu wanda ya hau shi tukuna. Awon da aka sanar a 2020 ya ba da kusan mita 8,849. Ku dubi ƙanƙantar bambancin.

Daga baya jirgin sama ya sauƙaƙa aikin. Yana tafe yana ɗaukar hotuna a jere, kowane hoto ya hau kan rabin na bayansa, don a iya gane tudu da kwari. Daga 1972 kuma taurarin ɗan'adam irin su Landsat suka shiga ɗaukar hoton doron ƙasa, Nijeriya ma ta samu nata na farko a 2003. Wayar hannun da take nuna maka inda kake kuwa, saƙo take karɓa daga taurarin GPS da ke kimanin kilomita 20,000 a sama, tana bukatar aƙalla huɗu kafin ta lissafa wurinka.

To amma yaya za a faɗi wurin gari ta yadda na Sin da na Masar za su gane? Sai masana suka shata wa duniya layuka na ƙiyasi, kamar saƙar raga a jikin tulu. Layin Ikwaita ya raba ta biyu, kudu da arewa. Wani layin kuma ya taso daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu ta Girinwich a birnin Landan, wanda wani taron ƙasashe ya amince da shi a 1884. Layin nan ya ratsa ta Aljeriya, Mali, Burkina Faso, Togo, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Kowane wuri ana faɗin nisansa daga layukan nan biyu da digiri. Kano tana wajen digiri 12 arewa da Ikwaita, digiri 8 da rabi gabas da Girinwich. Digiri ɗaya in ka nufi arewa ko kudu kusan kilomita 111 ne.

Kada ku ɗauka wannan ilmi jiya aka fara shi. Fiye da shekara ɗari biyu kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani a Iskandariya mai suna Iratostin ya ji labarin cewa a Aswan akwai ranar da in rana ta take tsaka, haskenta yana sauka har gindin rijiya, babu inuwa. A wannan rana a garinsu kuwa sanda tana da 'yar inuwa, wadda ya lissafa ta kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin, ya samu kewayen duniya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, watau kimanin kilomita 40,000. Halifa Ma'amun na Bagadaza shi ma wajen shekara ta 830 ya tura masana fili suka auno tsawon digiri ɗaya. A 1154 Al-Idrisi ya kammala wa Sarkin Sisili taswirar duniya, ya sa kudu a sama, arewa a ƙasa, domin sanya arewa a sama al'ada ce kawai. A nan gida ma, lokacin da Bature Kaftin Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, ya koma da taswirar ƙasar nan da kogin Kwara daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a Ingila.

Yanzu Alhaji na Maraɗi, ga taka. Idonka bai yi maka ƙarya ba, takardar ce ta yi. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ɗauki ƙwarya ka kife ka ce za ka baje ta kamar tabarma, ai sai ta fashe. In fata ce, sai an ja wani gefen ya miƙe fiye da wani. Saboda haka duk taswirar duniya da ke kan takarda akwai abin da ta ɓata, ko girma, ko siffa, ko nisa. Wadda ka gani ta wani mutum ce Markato, daga yankin da yake Beljiyam a yau, ya fitar da ita a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa. Amfaninta shi ne in matuƙi ya ja layi miƙaƙƙe a kanta, zai iya kafa kamfas ɗinsa a kan saiti ɗaya ya bi har ya isa. Kuɗin da aka biya kuwa shi ne, iyakar nisan ƙasa daga Ikwaita iyakar kumburinta a takarda. Afirka tana kan Ikwaita, ba ta kumbura ba, Girinlan tana kusa da ƙuryar arewa, ta kumbura ƙwarai. A gaskiya Afirka murabba'in kilomita miliyan 30 ce, Girinlan kuwa miliyan 2 da 'yan kai, watau za ta shiga cikin Afirka sau 14. Aljeriya kaɗai ta fi ta. Yawancinta ƙanƙara ce, mutanenta ba su kai dubu sittin ba, shi ya sa ba ka jin labarinta a kasuwa.

Ni dai a ganina Markato bai yi laifi ba, don matuƙa ya yi abinsa. Laifin na wanda ya ɗauko kayan jirgin ruwa ya rataya wa yara a aji ne. Akwai taswirorin da suke nuna girman kowace ƙasa daidai, ko da yake siffar takan ɗan lanƙwashe, kuma a 2025 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta goyi bayan a koma amfani da irinsu. Mafi gaskiya duka ita ce dunƙulalliyar nan mai kama da ƙwallo da ake juyawa a kan tebur.

Wannan matsala ba ta shafi zanen gona ba, domin gona ta yi ƙanƙanta da lanƙwasar duniya ta taɓa ta. Abin da ya shafe ka malam manomi shi ne, in an kawo maka takardar, kada ka sa hannu sai ka nemi mai karatu ya nuna maka ma'auninta, da kibiyar da ke nuna arewa, da kwanan wata, da sa hannun mai safiyon da hatiminsa. Kowane turken siminti yana da lamba, ka tafi da maƙwabtanka da mai unguwa ku gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin turken. Ka kuma tambaya, da hekta aka rubuta girman ko da eka? Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi ke nan, kuma a nan ake cutar mutane da yawa wajen ciniki. Wayar hannu tana iya kuskuren 'yan mitoci, wanda ya isa ya cinye kunya biyar ko fiye, don haka ba a yanke iyakar gona da ita. Turakun kuma kada a tumɓuke su wajen huɗa ko a ɗaure jaki a jikinsu, cire su da gangan laifi ne a doka, kuma ranar da rigimar iyaka ta tashi su ne mai safiyo zai fara nema.