Harsashin Manhaja Ya Zama Kyauta: Me Ɗan Kasuwa Ke Biya Wa Kuɗi?

Lugbe, Abuja. Duk wanda ya saba bin hanyar filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya san yadda unguwar Lugbe ta bunƙasa, daga rukunin gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya zuwa sababbin rukunonin da 'yan kasuwa suka gina ta kowace kusurwa. A nan ne kuma Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, da kamfanin tauraron ɗan'adam na NigComSat suke da mazauninsu. Sai dai akwai wani gini da ake yi a unguwar wanda ido ba ya gani daga bakin titi, shi ne na shafukan intanet da makarantu masu zaman kansu da dillalan gidaje da kantunan magani suke buɗewa domin neman abokan ciniki da karɓar kuɗi.

Galibin irin waɗannan shafuka ba daga tushe ake rubuta su ba. Ana ɗora su ne a kan wata babbar manhaja ta sarrafa shafi, wadda ke bai wa mai kanti damar sa hoto ko canza farashi ba tare da ya san harshen kwamfuta ba. Mafi shahara a cikinsu ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a shekarar 2003, kuma ƙididdigar kamfanin W3Techs ta nuna cewa a shekarar 2024 tana ɗauke da kimanin kashi 43 cikin 100 na shafukan duniya. Akwai kuma Drupal ta shekarar 2001 da Joomla ta shekarar 2005. Dukkansu kyauta ake samunsu.

Inda kuɗi ke shigowa shi ne wajen manhajar ƙari. Babbar manhajar ba ta san kuɗin makaranta na zango uku ba, ba ta san harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ba, ba ta kuma san bambancin kuɗin kai kaya daga Lugbe zuwa Kuje da na zuwa Kubwa ba. Domin haka masu tsara ta suka bar wasu wurare kamar ƙugiyoyi a jikinta, inda za a iya rataya ƙaramar manhaja mai yin aiki guda ba tare da an taɓa uwar ba. Tun daga shekarar 2004 WordPress ke karɓar irin wannan ƙari, kuma rumbunta na hukuma yana ɗauke da kusan guda 60,000. WooCommerce, wadda ke mayar da shafi kantin sayar da kaya, ita ma ƙari ce, haka nan waɗanda ke haɗa shafi da kamfanonin karɓar kuɗi na Paystack da Flutterwave.

Idan buƙatar ɗan kasuwa ba ta cikin rumbun, sai ya nemi wanda zai rubuta masa tasa. A da, mai wannan sana'a yakan ɓata lokaci mai yawa kafin ya kai ga ainihin aikin. Sai ya buɗe jakunkunan fayil bisa ƙa'ida, ya rubuta bayanin da uwar manhajar ke dubawa domin ta gane sunan ƙarin da lambar fitowarsa, ya tanadi abin da zai faru ranar da aka kunna shi da ranar da aka cire shi, sa'annan ya shirya wurin gwaji. Wannan shimfiɗa kusan iri ɗaya ce a kowane aiki, ko na makaranta ne ko na otal.

Tun da abu ne mai maimaituwa, sai masana suka miƙa shi ga na'ura. Kayan aikin WP-CLI, wanda aka fara a shekarar 2011, yana da umarnin wp scaffold plugin, wanda da zarar an buga shi tare da sunan da ake so, cikin 'yan daƙiƙoƙi zai fitar da babban fayil da takardar bayani da fayilolin gwaji. Masu aiki da Drupal suna da makamancinsa a cikin Drush, inda na'urar ke yin tambayoyi kaɗan, ta tsara harsashin bisa amsoshin da aka ba ta. Bayan fitowar GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, al'amarin ya ƙara gaba, domin yanzu mutum na iya bayyana abin da yake so da magana ta yau da kullum, ƙirƙirarriyar basira ta rubuto masa daftarin farko.

Ta fuskar tattalin arziki, ma'anar wannan a bayyane take. Duk abin da na'ura za ta iya samarwa kyauta cikin daƙiƙa, farashinsa a kasuwa ya kamata ya faɗi ƙasa. Matasan da ke koyon sana'ar, ciki har da waɗanda suka shiga shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a shekarar 2023 da nufin horar da mutum miliyan 3, sun sami sauƙin shiga kasuwa, kuma yawan masu sana'a kan sauko da farashi.

Har ila yau, faɗuwar darajar Naira ta ƙara wa aikin gida daraja. Yawancin manhajojin ƙari na ƙasashen waje da ake saya, da Dalar Amurka ake biyan lasisinsu duk shekara. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, amma a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Ke nan lasisin Dala 100 da a da bai wuce Naira 46,000 ba, ya koma fiye da Naira 150,000 ba tare da an ƙara masa komai ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa mai makaranta ko mai kanti ya fara tunanin a rubuta masa tasa a biya da Naira.

To amma a nan ne ya kamata a yi hattara. Mutanen Lugbe sun san abin da ake kira kango a harkar gidaje: an tayar da bango, wataƙila har an yi rufi, amma babu ƙofa, babu wayar lantarki, babu bututun ruwa. Abin da na'urar ke fitarwa ke nan. Ana iya kunna shi a shafi, sunansa ya bayyana, har a nuna wa mai kuɗi allo mai kyan gani, alhali ko kwabo ba zai iya lissafawa daidai ba. Wanda bai san wannan ba yana iya biyan rabin kuɗin kwangila a kan aikin da bai ci minti biyar ba, ya zama ya yi cinikin biri a sama.

A ɗauki misalin makarantar da ke son iyaye su riƙa biyan kuɗin zango ta shafinta. Harsashin ba zai san ragin da ake yi wa mai 'ya'ya uku ba, ko yadda za a rubuta wanda ya biya rabi. Mafi muhimmanci, dole manhajar ta tuntuɓi kamfanin karɓar kuɗin kai tsaye ta tabbatar kuɗin sun shiga, kafin ta ba da rasit. Idan ta dogara da abin da wayar mai biya ta aiko kawai, to an buɗe ƙofa ga irin damfarar alat na bogi da 'yan kasuwa suka sha fama da ita, musamman lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023. Haka nan sai an tace duk abin da baƙo ya rubuta a fom, an kuma iyakance wanda ke da izinin ganin bayanan ɗalibai.

Alƙaluma sun nuna girman haɗarin. Kamfanin tsaron intanet na Patchstack ya ba da rahoton cewa an gano sababbin ɓarakoki 7,966 a duniyar WordPress a shekarar 2024, kuma kashi 96 cikin 100 daga cikinsu a manhajojin ƙari suke. Waɗannan kuwa su ne waɗanda jama'a ke amfani da su, masu bincike na dubawa. Ita manhajar da aka rubuta wa kanti ɗaya, babu mai duba ta sai wanda ya rubuta. Rubutun ƙirƙirarriyar basira ma bai tsira ba, domin takan kawo umarnin da ya tsufa ko ta tsallake matakin tsaro, kuma rubutun ya fito tsaf kamar babu aibi.

Doka kuma a wuyan mai kasuwancin ta ɗora alhakin. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta tanadi tarar da ka iya kaiwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga ƙananan masu riƙe bayanan jama'a, da Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 ga manya. Idan sunayen yara da lambobin wayar iyayensu suka fita waje, makarantar ce za a fara tuhuma.

Saboda haka akwai abubuwan da ya dace a daddale kafin a biya kafin alƙalami. Na farko, a rubuta dalla-dalla ayyukan da manhajar za ta yi, a kuma rataya biyan kuɗi a kan kammala kowanne, bayan an gwada shi da ciniki na gaske. Na biyu, a tambayi mai aikin wane ɓangare ne na'ura ta samar, wane ne kuma ya rubuta ya duba da kansa. Ƙwararre ba ya jin kunyar wannan tambaya, domin amfani da harsashin da ya bi ƙa'ida alama ce ta sanin aiki, kuma yana sauƙaƙa wa duk wanda zai gaje shi. Na uku, a sa a cikin yarjejeniya cewa za a miƙa dukkan fayiloli da kalmomin sirri, a kuma fayyace mai haƙƙin mallaka, tun da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta bar haƙƙin a hannun marubuci matuƙar ba a yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka ba. Na huɗu, a yanka kuɗin kulawa na shekara, domin WordPress na fitar da sabon zubi a kai a kai, kuma ƙarin da aka yi watsi da shi yakan daina aiki ko ya zama ƙofar ɓarayi.

Ga matasan da ke wannan sana'a a Lugbe da sauran unguwannin Abuja, kasuwar ta koma inda na'ura ba ta kai ba tukuna, wato zama da mai kanti a fahimci yadda yake ba da bashi, yadda yake lissafin kaya, da abin da zai faru idan sadarwa ta yanke ana tsakiyar biyan kuɗi. Ga ɗan kasuwa kuwa, masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, mai yiwuwa na kango ne, kuma sauran kuɗin ginin suna nan suna jiran sa.