Jirgin yaƙi Hurricane: tarihinsa da matsalar adana shi

0. Gabatarwa

Idan ana zancen jiragen saman Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, sunan Spitfire ke fara zuwa baki. Amma akwai wani jirgi da ya girme shi da ƴan watanni, watau Hurricane, sunan da ke nufin guguwa. An ƙera Spitfire sama da 20.000, Hurricane kuwa wajen 14.500. A yau Spitfire masu iya tashi sun haura 50, amma Hurricane masu tashi ba su kai 20 ba. Wannan rata ta fi ƙarfin bambancin yawan da aka ƙera. A cikin wannan ɗan rubutu za mu nuna cewa babban dalilinta yana cikin ƙirar jirgin kanta, sa'an nan mu duba abin da kalmar "adanawa" take nufi idan ana maganar na'ura.

1. Asali da ƙira

Injiniya Sydney Camm na kamfanin Hawker ne ya zana jirgin. Samfurin farko ya tashi ran 6 ga Nuwamba 1935 a Brooklands, sojan sama kuma suka fara aiki da shi a Disamba 1937. Injinsa Rolls-Royce Merlin ne, irin na Spitfire, kuma yana ɗauke da bindigogi 8 cikin fukafukai.

Bambancin jiragen biyu a gangar jiki yake. Jikin Spitfire fatar alminiyam ce da aka lanƙwasa aka buga wa ƙusoshi, kuma fatar ce ke ɗaukar nauyi. Camm kuwa ya bi tsohuwar hanyar kamfaninsa: ƙwarangwal na bututun ƙarfe, waɗanda ba a yi musu walda ba. Ana matse bakin kowane bututu ya zama mai kusurwa huɗu, a haɗa shi da ɗan'uwansa da falle na ƙarfe da ƙusoshi. A bayan kujerar matuƙi ana ɗora siraran katako bisa ƙwarangwal, a rufe da yadin lilin, a shafe shi da wani fenti mai ɗaure yadi. Jiragen farko har fukafukansu yadi ne. Daga 1939 aka koma rufe su da ƙarfe.

Wannan ƙira ta yi amfani ƙwarai a lokacin yaƙi. Ma'aikata sun riga sun saba da ita, saboda haka aka ƙera jirgin da sauri. Harsashi kan huda yadi ya wuce, a liƙe ramin. Bututun da ya lalace kuwa, kanikawa kan kwance shi su sa wani a filin jirgi.

2. Aikinsa a yaƙi

A gwabzawar sararin samaniyar Ingila, daga Yuli zuwa Oktoba 1940, rukunonin Hurricane sun fi na Spitfire yawa, kuma fiye da rabin jiragen Jamus da aka kaɓo su ne suka kaɓo su. An ƙera wasu wajen 1.450 a Fort William, ƙasar Kanada, ƙarƙashin kulawar injiniya Elsie MacGill. Kusan 3.000 aka aika wa Tarayyar Sobiyet.

Jirgin ya ratsa ƙasar Hausa. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940, hanyar tekun Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila. Sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yau, a harhaɗa su a can. Daga nan su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy (Injamena ta yanzu), El Fasher, Hartum, har Masar, tafiyar kusan kilomita 6.000. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940: Hurricane 6, da jirgin Blenheim ɗaya yana yi musu jagora. Hanyar ta yiwu ne domin gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar De Gaulle ran 26 ga Agusta 1940. Nijar kuwa tana hannun gwamnatin Vichy har Nuwamba 1942, zangunan kuma suka bi ta kudu da iyakarta. Jiragen da aka yi wa shirin hamada ana gane su da babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci, mai hana rairayi shiga inji.

3. Bayan yaƙi

An daina ƙera Hurricane a 1944, Spitfire kuwa sai 1948. Da aka fara tunanin ajiye jirage don tarihi, Spitfire na nan da yawa a hannun soja, har aka riƙa kafa su a ƙofar barikoki. Hurricane kuwa an riga an sayar da mafi yawansu a matsayin tsohon ƙarfe. Waɗanda aka bari a fili ma ba su daɗe ba: yadi ya yage, katako ya ruɓe, ruwa ya shiga bututu ya ci su da tsatsa daga ciki. Lokacin da aka shirya fim ɗin Battle of Britain na 1969, Hurricane 3 kaɗai aka samu masu tashi.

Matsala mafi girma ta fito ne da aka zo gyara. Gwanin ƙarfe yana iya buga sabuwar fatar Spitfire bisa tsohon zane. Azarun tsakiyar fiffiken Hurricane kuwa, da dogon falle na ƙarfe mai tauri ake yin su, a naɗe shi cikin na'ura ta musamman har ya zama bututu mai gefe 12. Na'urorin sun ɓace tare da masana'antun, an daina yin irin ƙarfen, tsofaffin ma'aikatan kuma sun yi ta rasuwa. Sai a shekarun 1990 wasu ƙananan kamfanoni, musamman Hawker Restorations, suka maido da wannan sana'a. Ke nan sauƙin gyaran da aka yaba a 1940 ya dogara ne bisa masana'anta mai aiko da kayan canji. Da ta rufe, sauƙin ya koma wahala.

4. Kalmomi uku

A faransanci ana bambanta conservation, restauration da reconstruction. Muna ba da shawarar a ce ajiya, gyara da sāke ƙira. Ga misalin kowane.

Ajiya: jirgi mai lamba L1592 yana gidan adana kayan kimiyya na Landan, da fukafukansa na yadi. Ba ya tashi, amma mai bincike yana ganin yadda aka yi jiragen farko.

Gyara: R4118 ya yi yaƙin 1940, daga baya aka kai shi Indiya, ya ƙare a harabar jami'ar Banaras, inda ya yi shekaru a fili. An mai da shi Ingila a 2001, ya sake tashi a Disamba 2004. An yi amfani da duk abin da ya tsira daga jikinsa, sauran aka sabunta.

Sāke ƙira: LF363 na rukunin tunawa da yaƙin 1940 ne, wanda sojan sama suka kafa a 1957, mazauninsa yanzu Coningsby. Injinsa ya lalace a sama ran 11 ga Satumba 1991, ya faɗi a Wittering, ya ƙone. Matuƙin ya tsira. Aka sayar da Spitfire ɗaya don biyan aikin, jirgin ya koma tashi a 1998 da tsohuwar lambarsa. A rukunin nan ne kuma PZ865 yake, Hurricane na ƙarshe da aka ƙera.

Iyakar da ke tsakanin gyara da sāke ƙira ba a fili take ba. Dokar kiyaye lafiyar jirage tana tilasta canza duk abin da ya gaji, saboda haka jirgi mai tashi yana rasa kayansa na asali kaɗan-kaɗan. Abin da ke riƙe masa suna shi ne ɗan allon ƙarfe mai lambarsa, da takardun da ke nuna tarihinsa ba yankewa. Masu nazarin rubutun ajami sun san irin wannan tambaya: kwafen da aka yi daga kwafe, bayan asalin takardar ta ɓace, wane matsayi za a ba shi?

5. Kammalawa

Mun ga cewa ƙarancin Hurricane a yau ya samo asali daga abubuwa uku: daina ƙera shi da wuri, raunin yadi da katako a fili, da ɓacewar na'urori da ma'aikata. Jirgin da ke ajiye yana riƙe kayan asali. Mai tashi kuma yana riƙe ƙarar inji, da hannun kanikawa, da sanin tuƙi. Ana bukatar duka biyun, da sharaɗin a faɗa wa mai kallo wanne ne a gabansa. Shi ya sa muke ganin ya kamata hausa ta tsai da kalmomi ukun nan, kada "adanawa" ita kaɗai ta rufe su.