Shirin Musamman: Idan Aka Sha Guba, Kada a Tsaya Neman Manja

 Yau za mu yi magana ne kan abin da ke faruwa a gida daga lokacin da aka ce wani ya sha guba zuwa lokacin da aka kai shi gaban likita. Hujjar da za mu kafa ita ce, yawancin gubar da ake sha a gidajenmu akwai yadda asibiti ke magance ta, amma jinkiri da taimakon da muke yi da kyakkyawar niyya su ke ƙara jefa mara lafiya cikin haɗari.

Mu fara da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na gona. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin dikilorbos, wanda a shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Wannan sinadari yana hana jijiyoyin jiki hutawa, sai yawu ya riƙa dalala, gumi ya keto, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ga amai da gudawa, majina kuma ta cika huhu har numfashi ya gagara. Abin da ke kisa shi ne rashin numfashin. A asibiti ana buɗe hanyar iska, a sa oksijin, a yi allurar atirofin, a riƙa ƙara ta har ƙirji ya washe. Babu abin da ke cikin tukunya ko kwalba a gida da zai yi wannan aiki.

Kalanzir ma haka. Sau da yawa yaro yakan same shi cikin robar lemo ko ta ruwa, ya ɗauka abin sha ne. Illarsa babba tana aukuwa ne idan ya shiga huhu, kuma sa yaro amai shi ne hanya mafi sauƙi ta kai shi can. Shi kuwa farasitamol yaudara gare shi: wanda ya sha shi fiye da kima zai iya yini yana hira kamar lafiyarsa ƙalau, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara lalacewa. Makarinsa, wato asetilsistin, ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. Saboda haka ganin mutum garau ba hujjar zama a gida ba ce.

To, wani zai ce, ai iyayenmu manja da madara suke bayarwa, kuma mutane sun tashi. Gaskiya ne wasu sun tashi, amma galibi don abin da suka sha bai kai ya kashe ba. Manja ba ya karya guba, kuma wanda hankalinsa ya fara gushewa idan aka ɗura masa, yana iya shaƙewa man ya gangara huhu, ciwo ya zama biyu. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko gawayin da likitoci kan bayar na musamman ne, ba na murhu ba, amfaninsa ya fi yawa a awa ta farko, kuma ba ya aiki a kan kalanzir. Wani kuma zai ce asibiti da nisa, kuɗi kuma babu. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma nauyi ne a kan gwamnatoci su tanadi atirofin da oksijin a ƙananan asibitocin karkara, inda aka fi feshin gona. Sai dai nisan hanya dalili ne na tashi nan take, domin duk mintin da aka ɓata wajen neman manja an rage shi ne daga lokacin tafiya.

Akwai kuma kunya. Idan mutum ya sha da gangan, dangi kan ɓoye don gudun surutu. Ɓoyewar nan tana cin rai. Irin wannan ɗan'uwa yana buƙatar likita yanzu, sannan yana buƙatar kulawa da lallashi bayan ya farfaɗo.

Jama'a, idan hakan ta faru, a cire masa tufafin da guba ta taɓa, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki, kada a sa shi amai. A ɗauki kwalbar ko kwalin abin da ya sha, a tuna lokacin da ya sha, a garzaya asibiti mafi kusa. Tun yau kuma a kulle magunguna da fiya-fiya inda hannun yara ba ya kai, a daina zuba kalanzir a robar lemo. Allah Ya kare mu da iyalanmu. A huta lafiya.